Hannun Makara na Huɗu

Ƙas! Bakin hujin ya karye a cikin ƙarfen. Munkaila ya tafi gaba kamar zai ci da baka, sai da ya dafa makarar sannan ya tsaya. Ya dubi injin hujin da ke hannunsa, irin wanda ake juyawa da hannu, ya dubi guntun bakin da ya saura a jikinsa, ya kasa ɗaga ido ya kalli mai kayan.

Labo Maiwalda yana kwance a kan gadon ƙarfe a inuwar dogon yaron tsakar gidansa, an tokare masa baya da matasai. Bai yi faɗa ba. Da ma can shi ba mai faɗa ba ne, yanzu kuwa ko yana so numfashin ba zai kai shi ba. Hannu kawai ya miƙo, Munkaila ya kwance guntun ya ɗora masa a tafi.

"Ka karkata hannu, Tela," in ji shi. "Na hwaɗa maka, ƙarhe ba ƙyalle na ba."

"Ni ma ai na hwaɗa maka, ni ba maƙeri na ba."

Labo ya yi 'yar dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya daɗe bai sake shi ba. Munkaila ya tsuguna ya riƙe masa moɗa har ya kurɓi ruwa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu a bayan tashar Ƙonni, tun gemunsu na baƙi suke tsokanar juna ta kanta, ɗaya tela ɗaya mai walda, kowa na raina sana'ar ɗan'uwansa.

Wannan baki da ya karye ba ƙaramin abu ba ne a wurin Labo. Shi ne na ƙarshe cikin waɗanda ya zo da su daga Malbaza, inda ya koyi aikin ƙarfe tun yana saurayi. A gwangwanin madara yake ajiye su, naɗe cikin tsumman baƙin mai, kuma duk unguwa an san ya gwammace ya ara maka kekensa da ya ara maka ɗaya. Ga shi yau tela ya raba shi biyu, alhali hannu biyu kaɗai aka gama cikin hannuwan makarar huɗu.

Wanda bai san asalin maganar ba zai ce wane rashin kan gado ne ya sa aka kawo makara tsakar gidan marar lafiya. To, makarar aikin Labo ce. Da gara ta cinye tsohuwar ta katako, shi ya haɗa wannan da bututun ƙarfe, ya shafe ta da baƙin fenti, ya ba masallacin unguwa sadaka. Aka yi ta sa masa albarka, aka ce ta fi ƙarfin gara har abada. Ba wanda ya tuna da rana. Sai a bazarar bara, ranar da Goggo Uwani, mahaifiyar Munkaila, ta rasu. Makarar ta jima a ƙofar gida tana shan rana kafin a fito da gawa. A kan hanyar maƙabarta wani dattijo ya matso ya karɓi hannu don ya sami lada, kamar yadda aka saba, kowa ya ɗan ɗauka ya ba na bayansa. Ƙarfen ya gasa masa tafi, ya saki bai shirya ba. Makara ta karkace, gawa ta zame har ƙafafun suka leƙo daga cikin tabarma, Munkaila ne ya tare su da ƙirjinsa.

Labo yana baya, ya ga komai. Ba wanda ya ce masa uffan, Munkaila ma bai taɓa tayar masa da zancen ba, kuma wannan shirun shi ya fi ci masa rai. Tun daga ranar mutane suka koma naɗe hannu da hula ko bakin riga in za su ɗauka, abin da ya ƙara wa riƙon santsi. Labo ya ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ya samo ragowar shuɗin bututun roba irin na rijiyar lambu daga wani mai noman albasa, ya ce zai zura wa kowane hannu guda, ya huda roba da ƙarfe, ya ɗaure su da ƙusa mai noti yadda robar ba za ta juya ko ta zame ba. Kafin ya kai ga aikin ciwo ya kai gare shi. Ciki ya kumbura, ƙafafu suka bi, aka je asibiti aka dawo da ƙunshin magani da shawarar ya zauna gida ya huta, shawarar da kowa ya san ma'anarta. Aka rufe shagon walda.

An fara kai aikin garejin da ke bakin tasha, suka ce a yi musu rai, ba direban da zai ga makara a ƙofar gareji ya kawo motarsa gyara kuma ya hau hanya da ita. Gareji na biyu ma haka. Sai Labo ya aika wa Liman Abdurrahaman cewa a kawo masa kayansa gida, yana da injin hannu, yana kuma da maƙwabci mai hannu biyu da ba abin da yake yi da su sai wasa da allura. Mutanen unguwa kuwa, Allah ya hore musu baki. Aka ce Labo ya kira wa kansa mota tun kafin lokacin tafiya. Mata suka rage shigowa ɗiban wuta, wadda ta shigo ma sai ta bi gefen katanga tana kawar da kai.

Da tarin ya lafa, Labo ya ce gobe ranar kasuwa ce, Munkaila ya je wurin Mutari mai kayan ƙarfe ya sayo sabon baki. Ya sa aka ɗauko masa magagarinsa daga akwati, ya danƙa masa.

"Kak ka bi kyau," in ji shi. "Za ka ishe waɗanda anka shahwa ma ruwan zinariya, suna walƙiya awa kayan amarya. Ƙyale su. Goga magagarin ga ga jikin baki. In ya ci shi, ƙarhen banza na. In ya zame bai bar tabo ba, riƙe shi."

Ya ƙara da cewa ya tafi da madubi, ya mirgina bakin a kai, in yana rawa to a karkace yake, ramin da zai yi ma karkatacce ne. Sannan ya ɗaga shi sama ya dubi tsinin, leɓɓan nan biyu masu yanka su zama tsawo ɗaya, kada ɗaya ya ɗara ɗaya. Yana magana yana hutawa, amma idonsa ya yi wani haske da Munkaila ya kwana biyu bai gani ba.

A zaure Munkaila ya iske Safara'u, matar Labo, tana jiransa, ta ja mayafi har goshi. Ita ce fa wadda ranar da aka shigo da makarar ta yi kuka har muryarta ta dishe, ta ce ba za ta yi girki tana kallon wannan abu ba, ta rufe ta da tsohuwar tabarma. Munkaila ya zaci yau ma roƙon a fitar da ita za ta yi. Sai ya ji ta ce, murya ƙasa-ƙasa, tun da aka fara aikin nan maigida yake shan kunu, da kuwa ko ruwa sai da lallashi. Ta ce da asuba tana jin sa yana roƙon Allah ya ara masa kwana har ya ga an gama.

"In kun gama, Malam Tela, mi za shi jira kuma?" Ta gyara mayafi. "Ni ban ce ka yi komi ba. Amma ban ga abin gaggawa ba."

Munkaila ba jahili ba ne. Ya ɗinka likkafanin mutanen da shi kansa ya manta yawansu, ya san ajali ba ya jiran kowa. Amma sani daban, zuciya daban. Maganar ta bi shi har gida, ta kwana da shi, ta kuma raka shi kasuwa washegari.

Shekarar ce aka karya darajar kuɗin sefa, kaya masu kyau suka ɓuya, na banza suka cika rumfuna. Teburin Mutari ya yi jajir da bakunan huji masu ruwan zinariya, jere cikin kwalaye, daga siriri har mai kaurin ɗan yatsa. Mutari ya fara zuba musu kirari, sai ya ga tela ya zaro magagari daga aljihu, ya tsaya cak.

"Wanga magagarin na san shi," in ji shi. "Yaya jikin mai shi?"

Munkaila ya ce da sauƙi, kamar yadda ake cewa. Ya goga wa na farko magagari, fentin ya tashi, ƙarfen ya yi rami kamar sabulu. Na biyu ya hau madubi yana tangaɗi. Mutari ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wani tsohon gwangwani, ya zazzage shi. Baƙaƙe ne, marasa sha'awa, wasu har da tsatsa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana zaɓen allura ba ya daɗewa a irin wannan aiki. Magagari ya zame a kan ɗaya yana ƙyar-ƙyar, madubi ya karɓe shi ya mirgina sumul, leɓɓansa biyu kamar an auna su. Munkaila ya jefa shi aljihun ƙirji. Sannan ya tsaya jim, ya ce a ba shi ɗaya daga cikin masu walƙiyar ma. Mutari ya kalle shi, ya naɗe masa a takarda.

Mai walƙiyar Munkaila ya kai wa Labo. Labo ya juya shi a hannu, ya dubi bakin, ya dubi Munkaila, ya ce to a gwada. Aka fara sabon wuri kusa da inda tsohon ya karye. Munkaila ya juya, ya danna, gumi ya jiƙa masa riga. Bakin ya yi ta kuka mai tsinka haƙori, ya yi zafi, ya yi hayaƙi, ruwan zinariyar ya koma toka, abin da ya bari a jikin ƙarfen ɗan tabo ne mai sheƙi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Munkaila ya share fuska ya ce kayan zamani ke nan, sai wata kasuwar.

Wata kasuwar ma irinsa ya kawo. Tsakanin kasuwa da kasuwa kuwa bai rasa abin faɗa ba, yau ana jiran rigar suna, gobe kafaɗa ta riƙe. Kullum dai yana shigowa da hantsi, ya zauna bakin gado, su taɓa hira, ya ɗan juya injin don a ji motsi, ya ajiye. Labo bai matsa masa ba. Ya sa aka ɗora masa dutsen washi a cinya da 'yar kwalbar ruwa, yana ta goga guntun bakin nan da ya karye, kaɗan-kaɗan, in hannu ya gaji ya rufe ido. Ya ce na huda roba yake yi. Sabon baki mai kaifi cafkar roba yake ya tsaga ta, abin da ya sa suka ɓata bututu biyu a hannuwan farko. Roba tana son bakin da aka dakusar masa da leɓe, wanda zai kankare ta a hankali.

Safara'u na kawo kunu, Labo na sha, Munkaila na murna a ransa kamar wanda ya yi wa mutuwa wayo. Sai dai kofin da ake shanyewa ya koma rabi, rabin ya koma kurɓi. Wuyan Labo ya zama siriri cikin rigarsa, wadda Munkaila da kansa ya auna ya ɗinka masa da sallar bara. Tela ba ya bukatar likita ya gaya masa mutum ya rame.

Wata ranar da la'asar sakaliya, Munkaila ya sunkuya zai gyara masa matashi, sai Labo ya ce ya miƙo masa abin da ke aljihun ƙirjinsa. Munkaila ya ce goro ne.

"Goro ba shi huda aljihu."

Munkaila ya dubi ƙirjinsa. Ɗan baƙin tsini ya leƙo ta ƙasan aljihun, ya yi wa kansa hanya cikin yadin, da ɗigon mai kewaye da shi. Ya zaro shi ya miƙa, kunya ta hana shi zama. Labo bai ko nemi magagari ba, babban yatsa kawai ya ɗora a leɓen ya ɗan shafa.

"Kai da ka zaɓen allura da ƙarshen yatsa, kai za a ba na banza har sau biyu? Na san Mutari, na san ka, na kuma san wadda tat tare ka ga zaure." Ya huta. Can ɗaki aka ji motsin kwano ya tsaya. "Rana ba ta ƙarya, Tela. Mai zuwa ba shi tambaya ko an gama huji. Abin da ni ka tsoro guda na. A ɗauke ni bisa abin ga, wani tsoho shi kama, shi saki. Na ga ta Goggo. Kai ba ka taɓa yi man maganar ba, ni ko ban taɓa mance ta ba."

Wannan ne karo na farko da sunan Goggo ya shiga tsakaninsu tun ranar. Munkaila ya so ya ce bai taɓa riƙe shi da laifi ba, ko na ƙwayar gero, amma ya san in ya buɗe baki kuka ne zai fito, kuma Labo zai yi masa dariya. Sai ya ɗauki injin ya ɗaura baƙin bakin, ya matse shi sosai.

Labo ya dinga faɗa yana yi. A fara buga wa wurin tabo da ƙusa don kada bakin ya yi yawo. A ɗiga baƙin mai. A tsayar da injin tsaye, a dafa shi da ƙirji, a juya a hankali, ƙarfe ba ya son garaje, nauyi yake so. Munkaila ya juya. Ba kuka, ba hayaƙi. Sai ga wani siririn zaren ƙarfe yana fitowa daga ramin, yana nannaɗewa, yana ƙara tsawo, har ya faɗo ƙasa. Labo ya ce a ba shi. Ya riƙe shi kusa da ido yana kallo kamar an miƙo masa jika.

"Ka gani? Mai kyau ba shi surutu. Ci shika yi."

Da ramin ya ɓulle, aka koma kan roba. Aka zura itace a cikin bututun don ya tare bayan, aka ɗaura guntun da Labo ya wasa. Munkaila ya danna da ƙarfin da ya saba da shi a ƙarfe, Labo ya ɗaga yatsa ya ce ya sassauta, nan hannun tela ake so. Ya sassauta. Guntun ya shiga lumus, shuɗin zare ya fito, robar ba ta ko yi ƙara ba. Aka zura ta a hannun makara, rami ya hau kan rami, ƙusa ta wuce, noti ya kama. Munkaila ya murɗa da hannu biyu, ko motsi. Hannu na uku ya gamu.

Rana ta yi ja, amma da sauran haske. Labo ya nuna hannu na huɗu da haɓa, ya ce saura guda, ga baki ya yi ɗumi, a ƙarasa. Munkaila ya dubi baƙin ƙarfen nan tsirara, ya dubi Labo, ya hango gefen mayafin Safara'u a bakin ƙofa. Ya ce kafaɗa ta mutu, ido ma ba ya gani sosai, gobe da sassafe zai zo. Ba duka ne ƙarya ba, kafaɗar na ciwo da gaske. Labo ya daɗe yana kallonsa, ba fushi a kallon, sai wani abu mai kama da tausayi.

"To," in ji shi. "Allah shi kai mu."

Da safe Munkaila ya leƙa. Labo na barci a inuwar bishiya, numfashinsa a kwance, guntun bakin a dunƙule cikin hannunsa. Munkaila ya ce wa kansa bai kamata a tashi marar lafiya da ƙarar ƙarfe ba, ya ji daɗin samun wannan hujja, ya koma ya hau keken ɗinkinsa. Yana cikin kalmasa wata riga da ba wanda ke jiranta, hantsi ya ɗaga sosai, sai ya ji salatin Safara'u ta kan katanga. Ba kururuwa ta yi ba, salati ne kawai, sau ɗaya, da muryar da ba ta buƙatar bayani. Ƙafarsa ta tsaya a kan keken, allura na cikin yadi.

Daga nan lokaci ya daina zama nasa. Shi ya yanka likkafani ya haɗa, shi kuma ya zuba ruwa ana wanka, don Labo ya bar wasiyya da haka. Aka aika Tsarnawa a gaya wa ƙanin mamaci, liman ya ce da an idar da azahar za a sallace shi. Sau ɗaya Munkaila ya fito tsakar gida ya nemi makara da ido, bai gan ta ba. Samari sun fitar da ita, sun wanke mata mai da ƙurar ƙarfe, sun jingine ta a ƙofar gida ta bushe. Rana kuwa irin ta bazarar Ƙonni, wadda ko kaza ba ta tsallaka fili sai da gudu. Kuma ko da makarar na nan, wa zai tayar da ƙarar huji a gidan da gawa ke kwance?

Da aka yi sallama daga sallar gawa, mutane suka matso ɗauka. Munkaila ya riga kowa. Ya zagaya ta baya, ɓangaren hagu, ya kama hannun da ba roba, ya ɗaga shi zuwa kafaɗa. Zafin ya ratsa tafinsa har gwiwar hannu, ya ratsa riga ya sami kafaɗa. Ya cije. Hula na kansa, amma ya ga abin da hula ke yi wa riƙo, bai yarda da ita ba.

Aka kama hanya, ana ta kalmar shahada ƙasa-ƙasa. Ba a yi nisa ba aka fara canji, wannan ya zame wancan ya shiga. Munkaila na ganinsu. Mutum zai matso ya riga ya naɗe hannu da bakin riga kamar yadda ya saba, ya kama, sai ya ji ba zafi. Ya dubi shuɗiyar robar, ya saki rigar, ya kama da tafinsa sosai. Wani ya ce Allah shi jiƙan Labo, na kusa da shi ya amsa. Har dattijon nan na ranar Goggo ya karɓi hannun gaba, ya yi tafiya mai ɗan dama da shi, ya miƙa wa wani lafiya lau.

Wani ya dafa kafaɗar Munkaila don ya karɓe shi, ya girgiza kai. Wani ya sake zuwa, ya sake girgizawa. Aka fara kallonsa, don ba a haka, ba a hana mutum ladan ɗaukar gawa. Liman Abdurrahaman ya rage tafiya har suka jera.

"Tela, ba mutane su samu."

"Ga ukku can, Malam. Wanga nawa na."

Liman ya dubi hannun, ya dubi baƙin ƙarfen, ya dubi fuskar Munkaila da gumi da hawaye suka haɗu a kanta. Bai koma gaba ba, ya ci gaba da tafiya a gefensa, duk wanda ya matso ya nuna masa wani hannun. Hanyar maƙabarta ba ta taɓa yi wa Munkaila tsawo haka ba. Baƙin ciki ya cika shi, na rashin aboki da na goben da ya yi alkawari, amma abu ɗaya ya riƙe a ransa, yau ba wanda wannan ƙarfe zai gasa ya saki, Labo ba zai karkace ba. Bai buɗe yatsunsa ba sai da makarar ta sauka a bakin kabari, a miƙe, a hankali. Da ya buɗe su, fatar tafin ta tashi fari.

Da aka dawo, samari za su wuce da makara masallaci, Munkaila ya roƙi liman a mayar da ita inda take, aikinta bai ƙare ba. Washegari da la'asar, masu gaisuwa na zaune a ƙofar gida, ya shiga da hannu naɗe da tsumma. An riga an ɗauke gadon daga ƙarƙashin dogon yaro, sai sawun ƙafafunsa huɗu a cikin rairayi. Safara'u ta turo masa gwangwanin madarar daga bakin ƙofa ba tare da ta fito ba. Baƙin bakin na ciki, da guntun da aka zare daga hannun Labo.

Ya buga tabo da ƙusa. Ya ɗiga mai. Ya dafa injin da ƙirji ya juya a hankali, kowane juyi tafin na amsawa, har zaren ƙarfe ya fito ramin ya ɓulle. Ya canza baki, ya zura itace cikin bututun ƙarshe, ya sassauta hannu. Guntun ya shiga lumus. Shuɗin zare ya taso yana nannaɗewa, dogo, bai tsinke ba ko sau ɗaya, ya fi duk na baya kyau. Munkaila ya ɗauke shi da yatsu biyu, ya juya wajen bishiya zai nuna.

Ya daɗe a tsugune, hannunsa a miƙe. Sannan ya ajiye zaren a ƙasa, tsakanin sawun ƙafafun gadon, iska ta ɗan mirgina shi ya tsaya.